Yadda Ake Maido da Tsohuwar Motar Gudu Kan Titi Bayan An Gama Farfaɗo da Ita

Ranar da aka gama goge fenti, aka ɗaura kujeru, aka mayar da tambarin kamfani a goshin mota, ita ce ranar da aka fi yin ɓarna. Mota na tsaye tana sheƙi, mabuɗi na hannu, wahalar shekara biyu ko uku ta zo ƙarshe, sai zuciya ta ce a murɗa a ji kukanta. Na san wannan zumuɗin, kuma ban ga laifin wanda ya ji shi ba. Amma ka mayar da mabuɗin aljihu tukuna.

Motar da aka wargaza aka sake haɗawa ba sabuwa ba ce, komai kyanta a ido. Kowane noti da ke jikinta hannun mutum ne ya ɗaura shi: wani bara, wani shekara uku da suka wuce, wani kuma da yatsa aka murɗa shi da niyyar gobe a ƙara matsewa, goben ba ta zo ba. Ba a taɓa gwada su gaba ɗaya ba. Ina magana ne a kan motocin nan, yawancinsu masu kujera biyu, gajeru kusa da ƙasa, da aka ƙera don daɗin tuƙi: MGB da aka yi daga 1962 zuwa 1980, Triumph Spitfire da TR6, Jaguar E-Type da ta bayyana a 1961, Datsun 240Z, Alfa Romeo Spider, da tsofaffin Porsche 911. Zan fi kawo misali da MGB, don an ƙera sama da rabin miliyan, kuma abin da ya shafe ta ya shafi yawancin sa'o'inta.

Tsarin da nake bi shi ne: da farko a tabbata za ta iya tsayawa, sannan a tabbata ba za ta kama da wuta ba, sai a zo kan inji, titi kuma shi ne na ƙarshe.

Littafi, sufana da alƙalamin fenti

Nemo littafin gyara na ainihin samfurin motarka da shekararta, ba na 'yar'uwarta ba. MGB ta 1965 da ta 1975 suna ɗaya, amma wayoyinsu da batirinsu da kafiretarsu sun sha bamban. Duk adadin da zan ambata a nan misali ne. Abin da littafinka ya faɗa shi ne hukunci.

Ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu masu ƙarfi. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ɗauki sufana mai auna ƙarfin ɗauri da alƙalamin fenti, ka fara daga gaba ka bi har baya: haɗin sitiyari, ƙafafu, birki, mazaunin inji da na giya, notunan farfela, aksil na baya. Duk notin da ka auna ya cika, ɗiga masa fenti. Wanda ba shi da ɗigo ba a duba shi ba, ko da kana rantsuwa ka tuna ranar da ka ɗaura shi. Duba kuma cewa kowane noti mai tsaga yana da filinsa a lanƙwashe.

Wasu notuna ne kawai za ka bari a kwance-kwance: waɗanda suka ratsa robobin ƙafafu. Su sai an sauke mota, nauyinta ya zauna a kan tayoyinta, sannan a matse. In ka matse su tana rataye, robar za ta murɗe da zarar an sauke ta, kuma ba za ta yi ƙarko ba.

Tun kana ƙasan, bi duk wuraren giris. Mai Spitfire ya lura: mahaɗin ƙasa na ƙafar gaba man giya yake so, ba giris ba. Giris na daskarewa a ciki, zaren ya bushe ya ci tsatsa, wata rana ƙafar ta karye.

Birki

A nan zan daɗe, don a nan rai yake. Yawancin motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960 layin birki ɗaya gare su. A Amurka ma sai daga 1968 doka ta tilasta layi biyu. Ma'anar layi ɗaya ita ce, in tiyo guda ya fashe, tayoyi huɗun duk sun rasa birki a lokaci ɗaya.

Fara da tiyoyin roba. In ba ka san shekarunsu ba, sauya su. Tsohon tiyo kan kumbura ta ciki alhali wajensa sumul, ya bar mai ya wuce amma ya hana shi komowa, sai birki ya riƙe taya ɗaya ta yi ta zafi. Bi bututan ƙarfe da ido da hannu, ka tabbata babu inda suke gogar bodi ko suka kusanci salansa. Juya sitiyari iyakarsa dama da hagu ka ga tiyon gaba bai miƙe tam ba, bai kuma taɓa taya ba.

Sai man birki. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna shan danshin iska, shi ya sa ake sauya su duk shekara biyu, kuma suna cin fenti. Ajiye ruwa kusa, ko ɗigo ya zuba a sabon fentinka ka wanke nan take. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran ko kaɗan. Zaɓi ɗaya, ka rubuta sunansa a takarda ka manna kusa da murfin, saboda bakaniken da zai ƙara mai wata rana.

In birkin bayan motar na ganga ne, gyara tazarar takalman birki kafin ka fara fitar da iska, in ba haka ba feda za ta yi ta nutsewa kana zargin iska alhali tazara ce. Fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da babban famfon birki, ka ƙare a mafi kusa, sai dai in littafinka ya ce wani abu dabam. Kada ka bar kofin mai ya ƙafe a tsakiyar aiki.

Ga wani kuskure da na taɓa gani da idona. An fitar da iska sau huɗu, an ƙarar da gwangwani biyu na mai, feda na nan laushi kamar soso. Da aka sunkuya aka haska fitila, sai ga ƙusar fitar da iska tana kallon ƙasa. An ɗaura kalifar dama a hagu, ta hagu a dama. Iska sama take hawa, ƙofar fitarta kuma tana ƙasa, ina za ta bi? Ƙusar nan a sama take zama, kullum.

In feda ta yi tauri, taka ta da ƙarfi ka riƙe minti ɗaya cur. In ta tsaya cak, madalla. In tana sulalewa a hankali, akwai yoyo a wani wuri, ko kuma robar cikin babban famfo na barin mai ya wuce. Shafa busasshen yatsa a kowane mahaɗi. Shimfiɗa farin kwali a ƙasan motar ya kwana, da safe kwalin zai gaya maka gaskiya. Gyara birkin hannu shi ma ya riƙe sosai, don a mota mai layi ɗaya shi ne abin da ya rage maka in wancan ya tafi. In kulocin na mai ne, fitar masa da iska a wannan zaman.

Taya

Zanen taya na iya zama cikakke amma tayar ta mutu. Nemi lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In lambobi uku ka gani, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ba ta hawa titi. Wadda ta kai shekara goma ma a sauya ta. Gyaran mota kan ɗauki shekaru, tayar da aka saya da ɗoki a farkon aiki tana iya tsufa a tsaye.

Mai ƙafafun waya irin na keke, masu babban noti ɗaya a tsakiya da ake bugawa da guduma, ya sani cewa zaren dama da na hagu ba ɗaya ba ne. An yi haka ne don tafiya ta riƙa ƙara matse su. In aka juya cibiyoyin wajen haɗawa, tafiya za ta riƙa kwance su, taya ta fice. Karanta rubutu da kibiyar da ke jikin notin, ka tabbata kowanne na gefensa. Ka bi wayoyin da ɗan ƙarfe kana ƙwanƙwasawa: mai ƙara siririya lafiya take, mai amo a dishe ta saki.

Lantarki

Kafin ka taɓa batir, san wane kai ne ke zuwa bodi. Motocin Ingila da yawa na wancan zamani, har da MGB kafin ƙarshen 1967, kan mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi, akasin motocin yau. In an sauya tsarin lokacin gyara, a tabbata kwayil da famfon fetur da gejin juyin inji duk sun bi sabon tsarin. In dinamo ne a motar ba altaneta ba, sai an daidaita maganaɗisunsa da ɓangaren da aka zaɓa. Littafin ya nuna wayar da ake ɗan taɓawa.

Kada ka haɗa batir kai tsaye a karon farko. Kashe komai, rufe ƙofofi, ka sa ƙwan fitila tsakanin kan batir da wayarsa. In ƙwan ya kama da haske, akwai inda wuta ke zurarewa, kuma ƙwan ya cece ka daga narkewar wayoyi. Wannan na da muhimmanci saboda MGB ta farko fiyus biyu kacal gare ta, layuka da yawa ba su da mai kare su. In ƙwan bai kama ba, haɗa batir, ka gwada abubuwa ɗaya bayan ɗaya: ƙananan fitilu, manya, sigina, fitilar birki, hon, waifa. Hancinka ya kasance a buɗe, warin roba na riga hayaƙi zuwa.

Sabon fenti shi ne babban abokin gabar lantarki a motar da aka farfaɗo. Fenti ba ya wuce wuta. Duk inda waya ke kama bodi, kankare shi har ƙarfe ya fito, ka ɗaura, ka shafa ɗan giris a kai. Fitilar da ke dishi-dishi, ko siginar da ke sa fitilar birki ƙiftawa, kusan kullum daga nan ne. Kada ka manta da kakkaurar wayar da ke haɗa inji da bodi. In babu ita, wutar kik za ta nemi hanya ta wayar cok ko ta totur, ta gasa ta. Ina kuma ba da shawarar a sa makunnin yanke batir inda hannu zai kai da sauri.

Fetur

Fetur ɗin da ya kwana shekara a tanki zubar da shi ake yi ta hanyar da ta dace, ba a ba inji. Leƙa tankin da fitila mai batir, ba da ashana ba. In akwai tsatsa ko ɓawon tsohon shafe, a wanke ko a sauya. Sa sabuwar filta mai gani-ta-ciki kafin kafireta.

Fetur na yau ba irin na lokacin da aka ƙera motar ba ne. A ƙasashe da yawa ana gauraya shi da ethanol, wanda ke cin tsohuwar roba, don haka kowane tiyon fetur ya zama sabo, irin wanda aka rubuta SAE J30 R9 a jikinsa. Fetur mai dalma na motoci kuma ya ƙare a duniya. Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, a 2021. Dalmar ce ke kare mazaunin bawul a injuna masu kan ƙarfen zubi. In wanda ya yi maka aikin inji ya sa mazaunai masu tauri, shi ke nan. In bai sa ba, sai ka riƙa zuba maganin da ke maye gurbin dalma.

Zuba lita biyar zuwa goma kawai. Murɗa mabuɗi mataki ɗaya ba tare da tayarwa ba. A mota mai famfon fetur na lantarki na kamfanin SU za ka ji yana tak-tak-tak da sauri, ya rage, ya yi shiru in kofunan kafireta sun cika. In bai yi shiru ba, kashe nan take: ko yoyo ne, ko fuloti ya maƙale fetur na ambaliya. A MGB kafiretocin na saman bututun hayaƙi ne kai tsaye, don haka ɗigo ɗaya ba abin rainawa ba ne. TR6 mai allurar fetur ta Lucas kuwa da matsi mai ƙarfi take aiki, kowane mahaɗi sai an duba shi sau biyu.

Kafin a murɗa

Zuba baƙin mai. Injunan nan masu tura bawul da kofuna masu shafaffen gindi suna bukatar mai mai isasshen ZDDP, sinadarin da ke kare ƙarfe daga gogewa. Don tashin farko ana amfani da man horar da sabon inji ko mai na gargajiya irin 20W-50. Man zamani mai santsi sosai na iya hana zobban fistin zama. Giya da aksil su ma a duba: na ga motar da aka haɗa tsaf giyarta a bushe, don an ɗaura ta babu mai saboda sauƙin ɗagawa. Giyar MGB baƙin mai irin na inji take sha. Wasu tsofaffin giyoyin kuma man giya mai lambar GL-4 suke so, GL-5 na iya cin tagullar cikinsu. Cika lagireto, buɗe hita don iska ta fita. Kafiretar SU na da ɗan murfi a ƙoƙon kanta, a zuba mata mai a nan.

Auna tazarar bawul da sanyi. A MGB ta farko inci 0.015 ne, wato milimita 0.38. Tazarar kwantak ita ma wajen inci 0.015, ta fulogi 0.025.

Sai tayimin. Cire fulogin silinda ta ɗaya, toshe ramin da babban yatsa, a juya inji da sufana har ka ji iska na ture yatsan. Ci gaba har alamar fuli ta zo daidai. Buɗe murfin distiributa ka ga inda hannunta ke nuni: nan wayar silinda ta ɗaya za ta zauna, sauran su bi jeri. MGB 1-3-4-2 ce, Porsche 911 kuma 1-6-2-4-3-5. Mai E-Type mai silinda shida ya tuna cewa a injin Jaguar silinda ta ɗaya tana baya ne, kusa da direba, ba a gaba ba. Wannan kaɗai ya ɓata wa mutane da yawa yini guda.

Yanzu cire fulogogi duka, cire wayar kwayil da ta famfon fetur, ka buga kik na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, ka huta, ka sake. Idonka na kan gejin mai. Allura ta motsa, sannan ka san mai ya kai ko'ina. Buɗe murfin sama ka ga ya iso kan bawul. In ka yi sau huɗu ko biyar allura ba ta motsa ba, tsaya. Famfon mai ya bushe ne ko an bar wata toshiya a buɗe, ci gaba da juyawa goge man haɗi kawai zai yi.

Minti ashirin na farko

Fito da motar fili, ko a buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya, don hayaƙin inji na kisa ba tare da an ji warinsa ba. Giya a furi, birkin hannu a ja, a sa waigi a tayoyi. Ku zama ku biyu aƙalla: ɗaya a kujera yana kallon geji, hannunsa kusa da mabuɗi, ɗaya a gefen inji da fitila. Tukunyar kashe gobara a kusa, an riga an cire mata fil. A sa babbar fanka a gaban lagireto.

In an sa sabon kamshaf, ga abin da ya fi komai: da zarar inji ya kama, kada a bar shi a silo. A ɗaga shi zuwa juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, a riƙe shi a nan minti ashirin zuwa talatin, ana ɗan hawa ana sauka a tsakanin. Dalili kuwa, kamshaf da fantsamar mai yake samun jiƙa, a silo fantsamar ba ta isa, kuma a mintunan nan ne ƙarfe ke sabawa da ƙarfe. In ya karce a nan, ya karce ke nan, sai an sake buɗe inji. Shi ya sa muka ɓata lokaci a kan tayimin da fetur, don ya tashi a bugu ɗaya ko biyu. In ya ƙi tashi, kada a yi ta nika kik. A tsaya a duba wuta, a duba fetur, a duba jerin wayoyi.

Na kan kujera ya riƙa faɗin abin da yake gani da ƙarfi. A MGB gejin mai zai zauna tsakanin 50 da 80 a ma'aunin psi in tana juyi. In allura ta faɗi, kashe, ba shawara. In zafi ya haura, kashe, a bar ta ta huce, a ci gaba daga inda aka tsaya, mintunan ana tara su ne. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Hayaƙi zai tashi daga sabon fentin bututu da man da ya ɗiga wajen haɗi, wannan ba komai. Abin tsoro shi ne warin ɗanyen fetur, ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, ko bututun hayaƙi ya yi ja, alamar tayimin ya yi baya ko fetur ya yi kaɗan. Sa mita a batir: cikakken batir a tsaye volt 12.6 ne, in inji na juyi ya kamata ya hau zuwa wajen 14.

Mai 911 nasa dabam ne. Iska ke sanyaya injin, man kuma a tanki dabam yake, ana auna shi ne inji na silo bayan ya yi zafi, mota a daidaitaccen wuri. Wanda ya auna da sanyi zai ga kamar babu, ya ƙara, ya cika shi fiye da kima.

Bayan mintunan sun cika, sauke ta zuwa silo, gyara tayimin da fitilarsa, sannan a daidaita kafiretoci. In babu ma'auni, guntun tiyo ya isa: kai ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kowace kafireta, a gyara har shuuu ɗinsu ya zama ɗaya. Kashe. Sauya mai da filta tun da ɗumi. Washegari, da ta huce sarai, sake auna notunan kan silinda in irin gasket ɗinka na bukata, sake auna bawul, ƙara ruwa, bi duk maɗauran tiyo ka ƙara matsewa.

Takardu

Tun kafin wannan rana ya kamata a fara su. Lambar shasi da ke jikin mota ta dace da ta takarda harafi da harafi, in kuma an sauya inji ko launi a sanar da hukuma. Kowace ƙasa da dokarta: a Birtaniya motar da ta haura shekara 40 ba tare da an yi mata babban sauyi ba an ɗauke mata gwajin shekara-shekara, a Jamus kuma wadda ta kai shekara 30 na iya samun lamba mai harafin H bayan an duba ta. Ko doka ta ɗauke maka, ni dai ina ganin ka kai ta wani ƙwararre wanda bai sa hannu a aikin ba ya duba. Idon da ya saba da abu ba ya ganin aibinsa. Inshora kuma a nemi wadda aka amince da darajar motar a rubuce, da hotuna da rasit na aikin.

Fita ta farko

Gwajin farko mita goma ne. Gaba kaɗan, birki. Baya kaɗan, birki. In giya ta ƙi shiga tana gurnani, mai yiwuwa faifan kuloci ya manne saboda daɗewa a tsaye, ko da sauran iska a layinsa. A kai ta a daidaita ƙafafun gaba kafin a yi nisa, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye a banza.

Sannan zagaye na kilomita biyu ko uku, da rana, a busasshen titi marar cunkoso, wani na biye da kai a wata motar da igiyar ja da tukunyar kashe gobara. Kada a kunna rediyo. Saurara. Ɗan sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙen wuri ka ga ko tana ja gefe, taka birki a hankali ka ji ko tana karkata. Dawo gida, kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafa ba tare da ka taɓa ba. In ɗaya ta fi sauran zafi, birkinta na riƙewa ko boris ya matsu. Leƙa ƙasa. Duba ɗigon fentin da ka yi ko wani ya goce. Sake matse notunan taya.

Sababbin takalman birki sai an zaunar da su: daga wajen kilomita 60 a awa ka sauko zuwa 15 da matsakaicin taki, kamar sau goma, ba tare da tsayawa cak ba, sannan ka yi tafiya su sha iska. Ka kuma sa a ranka cewa ko ya zauna, birkin 1965 ba na motar yau ba ne. Babu na'urar hana taya kullewa, wasu ma babu mai taimaka wa ƙafa. Bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka.

Daga nan a riƙa ƙara nisa: kilomita goma, talatin, hamsin, kowace fita da dubawa a bayanta. Ajiye ɗan littafi a aljihun ƙofa ka riƙa rubuta duk ƙara da wari da ɗigon da ka lura da shi, don in ka iso gida rabinsu ka manta.

A kilomita 800 na farko kada a wuce juyi 3,000 zuwa 3,500, kada a take totur har ƙasa, kada kuma a bar inji na nishi a babbar giya. Amma lallaɓawa fiye da kima ita ma illa ce. Zobban fistin da matsi suke zama, saboda haka titi mai hawa da sauka da kwana ya fi doguwar miƙaƙƙiyar hanya da gudu iri ɗaya. Ka ɗan ba ta wuta a giya ta uku, ka ɗaga ƙafa ta sauko da kanta, ka maimaita. Barin ta a silo na dogon lokaci a gareji, don a ji daɗin kukanta, yana sa bangon silinda ya yi santsi, ta zama mai shan mai har abada.

In 800 ta cika, juye man a tsabtataccen faranti ka fita da shi rana. Ɗan ƙyalli mai laushi kamar ƙura ba komai ba ne a sabon inji. Ɓarɓashin da yatsa ke ji, ko mai launin tagulla, shi ne ke cewa a tsaya a bincika. Yanka tsohuwar filta ka buɗe takardarta ka duba tsakanin ninkin. In fes take, zuba sabon mai, sake auna bawul da tayimin, cire fulogogi ka ga launinsu: ruwan ƙasa mai haske ake so, baƙi fetur ya yi yawa, fari fat ya yi kaɗan. Sannan a fara ƙara juyi, ɗari biyar-biyar, a cikin kilomita 800 na gaba. A but kuma a ajiye fambel, kwantak da kwandensa, hannun distiributa, fiyus, guntun tiyon fetur, litar mai da galan na ruwa, tare da sufanun da suka dace da notunanta, don motocin Ingila da na Amurka na wancan zamani da inci aka auna su, ba da milimita ba.